Me Ke Sa Ma'aikacin Asibiti Ya Ba Aikinsa Zuciya?

Me ake nufi idan aka ce ma'aikaci ya duƙufa ga aikinsa?

Masu nazarin halayyar ma'aikata kan duba abu uku: kuzarin da mutum ke shiga aiki da shi, alfaharin da yake yi da aikin, da yadda hankalinsa ke tattaruwa a kai. Nas biyu kan yi aikin dare a ɗakin majinyata ɗaya. Ɗaya ta ba da magani ta koma kujera, ɗayar kuwa ta lura numfashin wani yaro ya canja, ta kira likita tun da wuri.

Albashi ne ke kawo wannan bambancin?

Yana da babban kaso. Alawus ɗin haɗarin aiki ya daɗe a kan naira 5,000 a wata kafin gwamnatin tarayya ta ƙara shi a ƙarshen 2021. Ƙarancin abin hannu na cikin dalilan da ke kora likitoci zuwa Saudiyya da Ingila, kuma duk wanda ya tafi, aikinsa kan wanda ya rage yake faɗawa.

Akwai abin da ya keɓanta da Sakkwato?

Akwai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na karɓar majinyata har daga Kebbi da Zamfara da Nijar, layi ba ya yankewa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Idan wuta ta ɗauke, ɗakin majinyata sai ka ce tanderu. Wanda aka tura aiki ƙaramar hukumar Isa ko ta Sabon Birni kuwa, fargabar 'yan bindiga ta riga ta cinye rabin hankalinsa kafin ya taɓa majinyaci.

Amma a ganina abin da ya fi karya gwiwa shi ne rashin kayan aiki. Ungozoma ta san abin da ya kamata ta yi wa mai zubar da jini, ga ilimin, ga niyyar, babu jinin da za a ƙara mata. Idan haka ta yi ta maimaituwa, zuciya kan dakushe.

Me shugaban sashe zai iya yi ba sai an jira kasafin kuɗi ba?

Ya raba aikin dare da adalci, kar a riƙa jibga wa sabbin ɗauka. Gyara a yi shi a ofis, ban da tsawa a gaban masu jinya. Damar ƙaro karatu ta bi cancanta. Masu shara da masu tura keken majinyata su ma a saurare su a taron sashe, domin su ne kan fara ganin famfon da ya ƙafe da gadon da ya karye.