Mac ko Windows: Wacce Kwamfutar Tebur Ta Dace da Mai Haɗa Kiɗa da Tace Bidiyo?

Musun Mac da Windows a tsakanin masu sutudiyo ba ya ƙarewa, domin yawanci kowa na kare abin da hannunsa ya saba da shi ne, ko kuma abin da ya riga ya zuba kuɗinsa a ciki. Wanda zai sayi na'ura sabuwa kuwa ba musu yake nema ba. Ga tambayoyin da suka fi damun irin wannan mai saye.

Daga ina ya kamata in fara zaɓe?

Daga manhajar da za ka yi aiki da ita, da kuma mutanen da za ku riƙa musayar aiki da su. Kwamfuta daga baya take zuwa. Dalili shi ne akwai manhajojin da ba sa tsallaka iyaka. Logic Pro na Apple ne, ba ya aiki a Windows. Da can yana aiki, amma da Apple ya sayi kamfanin Emagic na Jamus a 2002 sai ya rufe wannan ƙofar. Final Cut Pro ma haka yake, Mac kaɗai. A ɗaya ɓangaren, Vegas Pro na Windows ne zalla. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ita ce sana'arka, an riga an yi maka zaɓi, sai dai ka duba aljihunka.

Sauran manyan kuwa duk suna cin tudu biyu. Cubase, Pro Tools, Ableton Live, Reaper, Premiere Pro da DaVinci Resolve suna aiki a Mac da Windows. FL Studio, wadda aka daɗe ana yi wa kallon 'yar gidan Windows, ta samu cikakken zubin Mac tun 2018. Saboda haka mafi yawan masu tambaya suna cikin wannan rukuni na biyu, kuma su ne sauran amsoshin suka fi shafa.

Da gaske ne kiɗan da aka haɗa a Mac ya fi daɗin ji?

A'a. Manhaja ɗaya, saiti ɗaya, lissafi ɗaya ne. Abin da ke canza sauti shi ne makirufo, akwatin shigar da sauti, lasifika, yanayin ɗaki, da kunnen mai aikin.

To me ya sa sutudiyo da yawa suke cike da Mac?

Sabo yana ciki, amma akwai dalili na zahiri, kuma sunansa jinkirin sauti. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi kashi-kashi sannan ta wuce da shi. Idan kana ɗauka a kan samfuri 48,000 a daƙiƙa, ka saita kowane kashi a kan 128, jinkirin bai kai milisakan 3 ba. Ka ɗaga shi zuwa 1,024, ya haura milisakan 21, kuma wannan hanyar shiga ce kawai, kafin a lissafa ta fita. A nan ne mawaƙi zai ji muryarsa tana dawo masa a makare cikin abin kunne, sai ka ga ya rikice, ya ce a sake. Ƙaramin kashi shi ne maganin, amma yana matsa wa kwamfuta, kuma idan ta gaza sai ka ji ƙas-ƙas a cikin ɗauka.

Mac yana zuwa da nasa tsarin sauti da ake kira Core Audio, wanda aka gina tun asali don ɗaukar irin wannan matsi. Yawancin akwatunan sauti da zarar ka jona su sun kama aiki, kuma kana iya haɗa biyu su zama kamar ɗaya ba tare da wata dabara ba. Windows kuwa ya dogara ne da wani tsarin sauti mai suna ASIO, wanda kamfanin Steinberg, mai Cubase, ya fito da shi. Kowane mai ƙera akwatin sauti shi ke rubuta nasa direban, wato 'yar manhajar da ke haɗa akwatin da kwamfuta. Idan ya iya aikinsa, ba za ka ji wani bambanci da Mac ba. Idan kuma ya yi ha'inci, kai za ka sha wahala.

Akwai wata matsalar da ta fi cin rai. A Windows, wani direba da ba ruwansa da sauti, kamar na intanet marar waya ko na katin hoto, yana iya riƙe ƙwaƙwalwar kwamfuta na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ya isa ya fasa ɗauka. Na'ura mai ƙarfi sosai tana iya fama da wannan, wata mai matsakaicin ƙarfi kuma ta zauna lafiya. Akwai manhaja mai suna LatencyMon da ke nuna direban da ke da laifi, kuma ya kamata mai gina kwamfutar kiɗa ya gwada ta tun kafin ya fara karɓar aiki. A ganina bambancin ke nan: Windows na iya yin duk abin da Mac ke yi a fagen kiɗa, amma yana so ka zama ɗan makanike. Wani yana jin daɗin hakan. Wani kuma so yake ya kunna ya yi waƙa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Idan na sauya, fulogin ɗina za su bi ni?

Fulogin, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ƙarawa cikin babbar manhajar kiɗa, yawancinsu za su bi ka, domin kamfanoni kan ba da lasisi ɗaya da ke aiki a duka biyun. Sai dai ka lura da zubi. VST, wanda Steinberg ya ƙirƙira a 1996, yana aiki a Mac da Windows. AU na Mac ne kaɗai, kuma Logic ba ya karɓar VST sam. Pro Tools nasa daban ne, AAX. Inda ake yin asara shi ne tsofaffin fulogin na kyauta da aka rubuta don Windows kaɗai, waɗanda masu su sun daɗe da watsar da su. Idan akwai wani sauti da aka san ka da shi, kuma daga irin waɗannan yake fitowa, ka tabbatar da makomarsa kafin ka tashi.

A ɓangaren bidiyo fa, wa ke gaba?

Nan ne ma'aunin ke ɗan karkata, kuma ya danganta da irin bidiyon.

Aikin da ya ƙunshi gyaran launi mai nauyi, share dusar hoto, zane mai motsi ko siffofi masu kauri uku, duk katin hoto yake ci. A Windows kana da damar saka katin NVIDIA ko AMD gwargwadon ƙarfinka, ka cire shi bayan shekara uku ka sa wani. Manhajoji da dama na irin wannan aiki an gina su ne a kan fasahar CUDA ta NVIDIA, kuma sababbin Mac ba sa karɓar katin NVIDIA ko kaɗan, ba a ciki ba, ba a waje ba. Wanda abincinsa ke nan, ba sai an ja magana ba.

Amma mai yanka da jera hotunan kyamara, kamar shirin gaskiya, talla, ko bidiyon waƙa, labarinsa daban. Tun da Apple ya rabu da Intel, ya fara ƙera nasa guntun, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga M1 a ƙarshen 2020, ya riƙa saka wani sashe na musamman da aikinsa kawai buɗe bidiyo da matse shi. Daga M1 Pro da M1 Max na 2021 sashen ya haɗa da ProRes, zubin da Apple ya fito da shi a 2007 wanda gidajen tace fim da yawa ke musayar aiki da shi. Sakamakon shi ne ƙaramin akwati kamar Mac mini ko Mac Studio yana jan hoton 4K salin-alin, da wuta kaɗan.

Wani abu da masu saye ke yawan mantawa: ka duba zubin da kyamararka ke ɗauka. Kyamarori da yawa na zamani suna ɗaukar H.265 mai zurfin launi, irin wanda ake rubutawa 10-bit 4:2:2. Guntun Apple da na Intel na baya-bayan nan suna buɗe shi kai tsaye, amma katunan NVIDIA da suka gabaci jerin RTX 50 ba sa yi. Shi ya sa za ka ga mutum da kati mai tsada, hoto kuma yana masa tsalle-tsalle, yana ta zagin manhaja alhali ba laifinta ba ne. Mafita ita ce yin kwafi marasa nauyi a yi aikin da su, sai a ƙarshe a mayar da na asali, amma wannan ƙarin lokaci ne a kowane aiki.

Ram nawa zan saya, kuma zan iya ƙarawa daga baya?

Ram shi ne wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, kuma gigabait 16 na isar mai ɗaukar murya da kiɗa marar cunkoso. Mai 4K, ko mai loda tarin sautukan goge da ƙaho na babbar ƙungiyar makaɗa, ya nemi 32 ko fiye. A kwamfutar Windows ta tebur wannan ba abin tashin hankali ba ne, ka fara da kaɗan ka ƙara idan hali ya samu. A sababbin Mac kuwa ram ɗin a manne yake da guntun, ba ya ciruwa, ba ya ƙaruwa. Abin da ka saya ranar farko da shi za ku rabu. Kuma ram ɗin guda ne tsakanin ƙwaƙwalwa da sashen hoto, rabawa suke yi. Wanda ya matse hannu a nan ya sayi mafi ƙanƙanta, zai gane cewa araha ba ta ado.

Ma'adana ba ta kai wannan tsanani ba, don kana iya jona faifai na waje ta Thunderbolt. Kuma za ka buƙace shi. Layin murya ɗaya bai kai megabait 9 a minti ba, amma ProRes 422 HQ a 4K yana cin kusan gigabait 400 a awa ɗaya.

Ƙarar fanka abin dubawa ce?

Ga wanda makirufo da kwamfuta suke ɗaki ɗaya, sosai ma. Makirufo mai kyau yana jin abin da kunnenka ya riga ya saba da shi ya daina ji. Ƙananan Mac na yanzu kusan shiru suke. Ana iya gina Windows mai shiru da manyan fankoki masu juyawa a hankali, amma kwamfutar da aka haɗa don wasanni ba da wannan niyya aka yi ta ba.

Linux fa? Ba a ambace shi ba.

Linux wani tsarin kwamfuta ne daban da Mac da Windows. Yana nan, kuma yana da masu kishinsa. Reaper, Bitwig da Ardour suna aiki a kansa, DaVinci Resolve ma haka, har manyan gidajen gyaran launi na amfani da shi. Sai dai babu Pro Tools, babu Premiere, fulogin da yawa sai da dabara, kuma Resolve na kyauta a Linux ba ya buɗe zubin H.264 da yawancin kyamarori da wayoyi ke ɗauka. Ba zan ba wanda ke da ranar miƙa aiki a gabansa shawarar ya fara koyo a nan ba.

Ina yin kiɗa da bidiyo duka, kuma kwamfuta ɗaya zan iya saye. Me za ka ce?

Idan kiɗa ne ya fi yawa, bidiyon kuma yanka da jerawa ne, ni Mac zan ɗauka, in ƙara kuɗi a kan ram, in bar ma'adanar ciki a matsakaici. Idan bidiyon ne mai nauyi, ko kana son na'urar da za ka riƙa canza mata kaya ɗaya bayan ɗaya, Windows, amma ka kashe kuɗi a kan akwatin sauti daga kamfanin da aka san direbansa da kyau. Sai dai duk wannan yana rushewa idan abokan aikinka suna turo maka fayil ɗin Logic ko na Final Cut, domin babu abin da zai buɗe su yadda suke a Windows. A da ana iya saka Windows a cikin Mac ta Boot Camp a huta; wannan hanya ta tafi tare da Mac masu Intel.

Na samu tsohuwar na'ura da sauƙi, in saya?

Ka fara tambayar shekarunta. Apple ya bayyana cewa macOS Tahoe na 2025 shi ne na ƙarshe da zai hau Mac masu Intel, kuma masu rubuta manhaja za su bi sahu sannu a hankali. Microsoft ma ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da guntu na kusa-kusa, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Na'urar ba za ta mutu gobe ba, amma ranar da wani fulogin da kake buƙata ya ce sai sabon tsari, ka tsaya.

Sabon tsarin ma ba a yi masa gaggawa. Apple na fitar da macOS duk shekara, kuma a 2019 Catalina ya kori duk manhajojin 32-bit a lokaci guda, sutudiyo da dama suka wayi gari kayan aikinsu ba sa buɗewa. Tun daga nan masu hankali kan jira watanni, sai kamfanonin fulogin sun ce hanya ta yi kyau. A Windows kuma matsalar ita ce sabuntawar da ke zuwa ba sallama, don haka ka dakatar da ita a makon da kake tsakiyar aiki.

Faifai ɗaya zai yi aiki a duka biyun?

Sai ka shirya shi da gangan. Mac yana karanta faifan NTFS na Windows amma ba ya rubutu a kai, Windows kuwa ba ya ma ganin abin da ke cikin faifan APFS na Mac sai da ƙarin manhaja. Wanda dukansu suka yarda da shi shi ne exFAT. Lahaninsa shi ne ba ya riƙe rajistar abin da yake cikin rubutawa, saboda haka idan wuta ta yanke ko ka zare shi ana tsakiyar kwafi, fayiloli na iya lalacewa. Ka ɗauke shi a matsayin faifan kai saƙo tsakanin na'urori biyu, ainihin aikin kuma ya zauna a faifan da aka tsara don na'urar da kake aiki a kanta, da kwafi na biyu a wani wuri.