Waiwaye: Baro, garin da layin dogon Kano ya faro

Baro ƙaramin gari ne na Nufawa a bakin Kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja. Masunta da manoman shinkafa ne suka fi yawa a cikinsa, amma akwai lokacin da da yawa daga cikin kayan da Turawan mulki za su kai Arewa ke sauka a gaɓarsa.

Dalili kuwa ruwa ne. Jiragen da ke tasowa daga bakin teku suna iya haurowa har Baro, musamman idan kogi ya cika a ƙarshen damina. Shi ya sa a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, aka fara shimfiɗa layin dogo daga nan zuwa Kano, ta Minna da Zariya. Ƙarafa da kawunan jirgi duk ta ruwa aka kawo su. Waɗanda suka sare daji suka ɗauki ƙasa a kwando kuwa talakawa ne, Nufawa da Gwarawa da Hausawa, da yawansu ta hannun sarakuna aka ɗebo su ba da son ransu ba. Bai kamata a manta da su ba. A 1911 jirgi ya shiga Kano. Auduga Turawa suka sa wa rai, sai manoman Kano suka rungumi gyaɗa.

Baro ta cika ta batse: leburori, akawuna, 'yan dako, rumbunan kamfanoni. Sai dai abin bai daɗe ba. Da aka haɗa layin da na Legas, aka kuma gama gadar Jebba da ta ƙetarar da dogon Legas kan Kogin Kwara, kaya suka koma bin Legas kai tsaye. Reshen Baro ya yi ta ja da baya har ciyawa ta rufe dogon.

A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a garin, mutane suka yi ta murna. Amma shekaru suka shuɗe ba a ga jiragen kaya suna sauke lodi ba, domin hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ba ta ɗaukar tirela, yashi kuma yana sake cike kogin. Girouard bai raba tasha da dogo ba, tare ya gina su. Mu kuwa mun gina tashar, mun bar hanyar da za ta kai mata kaya.