Daga roba zuwa gam: asalin koken masu manyan bas-bas kan gilashi

Masu manyan bas-bas irin su Ford Transit, Mercedes Sprinter, Ram ProMaster da Chevrolet Express a Amurka da Turai kukansu kusan ɗaya ne: gilashin gaba ya tsage ba tare da an ga dutsen da ya same shi ba, ko ruwan sama ya riƙa ɗigowa ta gefen gilashi har ya jiƙa wayoyi, ko kuma gilashin ƙofa ya sauka ya ƙi tashi. Na ƙarshen nan da sauƙi, galibi ɗan injin da ke ɗaga gilashin ne ko igiyarsa ta ƙarfe, a canja a wuce wurin. Biyun farkon su ne masu dogon tarihi.

Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da leda a tsakani, shi ya sa ko ya fashe ba ya tarwatsewa. Wani Bafaranshe masanin sinadarai, Édouard Bénédictus, ya yi wa dabarar rajista a 1909, kuma Ford Model A da ta fito a ƙarshen 1927 da irinsa ta zo. Sai dai an daɗe ana zaunar da gilashin cikin roba mai kauri, kamar yadda yake a bas ta kamfanin Ford mai suna Econoline, ta farko ta 1961. Idan jikin mota ya murɗe a ramin hanya, robar ce ke shanye wahalar. Aibinta shi ne a haɗari gilashin kan fice ɗungurungum, wani lokaci har da mutum.

A 1970 wata ƙa'ida ta fara aiki a Amurka da ta wajabta gilashin gaba ya tsaya a mazauninsa idan an yi karo. Da ƙananan motoci ta fara, daga baya ta kai ga bas-bas. Sannu a hankali kamfanoni suka bar roba suka koma manne gilashi a jikin ƙarfe da gam mai ƙarfi, har ya zama yana taya ginshiƙai riƙe rufi idan mota ta kife.

An tsare rayuka, babu shakka, amma a nan sabon ciwon kan ya samo tushe. Bas doguwa ce, ga tsayi, ga lodi, duk murɗewar da ta yi yanzu gilashin na ji a jikinsa. Ga shi da faɗi, tsakuwa ba ta kuskurensa. Ɗan tabo a gefe ya isa, sai sanyin safiya da zafin rana su ja shi ya zama tsaga. Yoyo kuma sau da yawa aikin hannu ne: mai canja gilashi ya karce fenti wajen yanke tsohon gam, bai shafa maganin hana tsatsa ba, tsatsa ta ci ƙarƙashi ta ɗaga gam ɗin. Tsofaffin Sprinter, waɗanda aka fara ƙerawa a 1995, sun yi suna wajen tsatsa a bakin gilashi, musamman a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Irin su ne kuma ke ƙarewa a kasuwanninmu a matsayin 'yan Kwatano, da sabon fenti a kan tsohuwar tsatsa.

Na baya-bayan nan sun zo da ƙarin kashe kuɗi. A bayan gilashin ake maƙala kyamarar da ke lura da layin titi da taimaka wa birki, don haka duk wanda ya canja gilashi sai an sake saita masa ita da na'ura kafin ya hau hanya.