Sashe na 91 da buhun wake: abin da ficewar Nijar daga ECOWAS ke nufi a bakin iyaka

Wanda ya taɓa tsayawa a iyakar Illela da Birnin Ƙonni lokacin kakar albasa ya san yadda wurin yake. Manyan motoci jere da juna, warin albasar Galmi ya cika iska, direba ya sauko da takardunsa naɗe cikin leda yana zagaya ofisoshi, mai kaya kuma yana tsaye a inuwar mota yana duban rana. Hankalinsa ba ya kwanciya, domin albasa ba ta jira. Kwana uku a zafin Maris cikin buhu, ta fara ruwa daga ƙasa, kuma uwar kuɗi ce ke tsiyaya. Irin wannan mutum ne nake tunawa duk lokacin da gardama ta kaure a kan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO. Ana ta maganar 'yancin ƙasa da mulkin soja da hannun Faransa, amma da wuya ka ji an buɗe dokar an karanta wa mai albasa abin da ta ce a kansa.

Dokar gajera ce. An kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, aka sabunta yarjejeniyarta a Kwatano ranar 24 ga Yuli, 1993. Sashe na 91 na sabuwar yarjejeniyar shi ne ƙofar fita, kuma sakin layi biyu ne kacal. Na farko ya ce ƙasar da ke son ficewa za ta ba da sanarwar shekara guda a rubuce, idan shekarar ta cika ba ta janye takardarta ba, ta daina zama mamba. Na biyu ya ce a tsawon wannan shekara dukkan dokokin ƙungiya suna kanta, kuma dole ta ci gaba da sauke nauyin da ta ɗauka. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san idda: an furta rabuwa, amma hukuncin aure bai gama sauka ba, kuma ƙofar kome a buɗe take har wa'adi ya cika.

Ranar 28 ga Janairu, 2024 ƙasashen uku suka sanar a kafafen gwamnatocinsu cewa sun fice nan take. Hujjarsu ita ce ƙungiyar ce ta fara saɓa wa nata dokoki da ta rufe musu iyakoki, don haka wa'adin shekara bai ɗaure su ba. ECOWAS ta ce sashe na 91 bai san wani abu wai shi nan take ba, ta ƙirga shekararta, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Ta ƙara watanni shida, zuwa 29 ga Yuli, ko za a yi kome. Ba a yi ba. Ba su ne farau ba kuma: Muritaniya ta ba da sanarwa a Disambar 1999, ta fita a Disambar 2000, daga baya a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar ba tare da ta sake zama mamba ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da sashen bai faɗa ba. Ya nuna ƙofa, bai ce komai a kan rayuwa bayan fita ba. Dokar Tarayyar Turai, sashe na 50, aƙalla ta tanadi a zauna a tsara sharuɗɗan rabuwa cikin shekara biyu. Duk da haka, bayan Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu, 2020, abin da ya fi ba su wahala shi ne binciken nama da madara da tsirrai a kan iyaka, musamman kayan da ke shiga Ireland ta Arewa, har a Mayun 2025 suna kan neman daidaitawa a kan ƙa'idojin lafiyar abinci. In masu ɗakunan gwaji da kwamfutoci a kowace tashar jirgin ruwa sun sha wannan wuya, to ina ga iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 wadda ta ratsa gonaki da zuri'a ɗaya daga Kebbi har Borno?

Kafin ficewar, mai albasa yana da haƙƙoƙi a rubuce, ko da bai san sunansu ba. Tun 1979 aka amince ɗan ƙasar ƙungiya ya shiga wata ƙasar ba biza ya zauna har kwana 90. A wannan shekarar kuma aka fara tsarin sassauta ciniki da ake kira ETLS, wanda ya ɗauke kuɗin fito daga amfanin gona da dabbobi da sana'o'in hannu, aka faɗaɗa shi zuwa kayan masana'antu a 1990. Gero, wake, albasa, rago, tabarma, duk ba sa buƙatar takardar shaidar asalin kaya. Kayan masana'anta ne ke buƙatarta, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin cancanta shi ne a ce aikin da aka yi a cikin yankin ya kai kashi 30 cikin 100 na darajar kayan. Kayan da aka shigo da su daga waje kuwa suna faɗawa cikin harajin bai-ɗaya da ya fara aiki a 2015, mai hawa biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. A ƙa'ida, ƙasar da ta fita ta koma cikin 'yan waje, albasarta ta cancanci kuɗin fito kamar wadda ta zo daga ƙetaren teku.

Abin da ya hana hakan faruwa sanarwa ce da hukumar ECOWAS ta fitar ranar ficewar. Ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiya daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba biza, su kuma ci gaba da ɗaukar kayansu a ƙarƙashin ETLS, har zuwa lokacin da za a tsara sabuwar dangantaka. Su ma ƙasashen uku, da suka kafa nasu ƙawancen ƙasashen Sahel mai suna AES, sun riga sun sanar a Disambar 2024 cewa ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Wannan hankali ne, kuma ya kamata a yaba wa ɓangarorin biyu. Sai dai a gane bambancin: abin da yake haƙƙi jiya ya koma alfarma yau. Haƙƙi ana iya tsayawa a kansa a yi jayayya. Alfarma kuwa wanda ya ba da ita yana iya janyewa da safiya ɗaya, motarka na kan layi. An ma ga alamar yadda abubuwa ke sauyawa a ƙarshen Maris 2025, lokacin da AES ta sa nata harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, daidai adadin da a da ake karɓa wa ECOWAS.

Akwai wani abu da ya shafi Hausawa fiye da kowa. Ƙasashen uku ba su fita daga UEMOA ba, ƙungiyar masu amfani da sefa. Ke nan albasar da ta nufi Abijan ko Lome ko Kwatano tana da wata laimar doka da ta rage mata. Najeriya da Ghana ba sa cikin UEMOA. Wato hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano, da ta Damagaram zuwa Maigatari, da wadda fatakenmu ke bi da albasa zuwa Kumasi da Akara, su ne hanyoyin da suka rasa babbar laimarsu. Daidai inda zumunci ya fi ƙarfi, nan doka ta fi sirancewa.

Yanzu ga batun da ya fi damuna, wanda 'yan siyasa ba sa taɓawa: ingancin abin da ke cikin buhun. Ko a zamanin ETLS, yafe kuɗin fito bai yafe binciken lafiya ba. Amfanin gona na buƙatar takardar malaman kare tsirrai, dabba na buƙatar ta malaman dabbobi. Sashe na 41 na yarjejeniyar ya hana ƙasa toshe kayan 'yar uwarta haka kawai, amma ya ba ta damar hanawa don kare lafiyar mutane ko dabbobi ko tsirrai, da sharaɗin ta sanar da ƙungiya da sauran ƙasashe tukuna. Wannan sharaɗin sanarwa shi ne kariyar ɗan kasuwa, domin yana hana a fake da lafiya a yi ramuwar siyasa. Bayan ficewa, Najeriya ba ta bin Nijar wannan bashi a ƙarƙashin yarjejeniyar, Nijar ma ba ta bin Najeriya.

Ɗauki wake. Nijar na cikin manyan masu noma shi a duniya, kuma mai yawa daga ciki Najeriya yake gangarowa, ya bi ta kasuwanni irin Dawanau ya wuce kudu. Wake kuwa ƙwari ne abokan gabansa, wata biyu a rumbu sai ka ga ya huhhuje. Don haka wasu masu ajiya ke yayyafa masa fiya-fiya ko su tura ƙwayar magani cikin buhu. Uwargida ta san alamar: ta kwance ƙullin wake, wani wari mai hawa kai ya buge ta, ta wanke sau uku, ta shanya, tana fatan ya fita. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, diklobos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a Yunin 2015, saboda ragowar maganin ta zarce ma'auninsu nesa ba kusa ba. Turawa sun kare mutanensu. Waken da suka ƙi kuwa mu muke cinsa a ƙosai da alale, daga Yamai har Fatakwal, kuma buhun ba ya ɗauke da shaidar gonar da ya fito ko shagon da aka zuba masa magani.

Maganin wannan sai da haɗin kai, kuma an fara. A 2008 ECOWAS ta fitar da ƙa'idojin bai-ɗaya kan rajistar magungunan ƙwari da kuma kan iri, a 2010 ta fitar da na lafiyar tsirrai da dabbobi da abinci. Manufar ita ce maganin da aka haramta a Sakkwato kada ya zama halal a Tawa, kuma takardar da jami'i ya sa wa hannu a Maraɗi ta karɓu a Jibiya. Aikin ya yi tafiyar hawainiya, gaskiya ne. Amma yanzu ga yadda aka rabu: Nijar na bin kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel da ke Bamako, a ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari ta yankin, Najeriya kuma ba ta cikin CILSS, NAFDAC ce ke yi mata rajista. ECOWAS ce inuwar da ta haɗa su biyun. Haka abin yake ga makiyaya. Shawarar da ECOWAS ta yanke a 1998 ta tanadi takardar ƙetare iyaka da ke nuna yawan garke, allurar rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za su bi. Ciwon huhu na shanu bai san tuta ba. In aka daina karɓar takardar juna, makiyayi zai bi daji, cutar ta bi shi ba wanda ya duba.

Ba na ganin adalci ne a ɗora laifin duka a kan ɓangare ɗaya. Masu goyon bayan ficewa suna da abin faɗa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, taron ECOWAS na Abuja na ranar 30 ga wata ya rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, abinci da magani suka yi tsada a ƙasar da ba ta da teku, har sai 24 ga Fabrairu, 2024 aka ɗage takunkumin. Talaka ne ya ɗanɗana, ba janar ba, shi ya sa sanatocin Arewa da malamai da sarakuna suka tashi tsaye suka ƙi yaƙin da ECOWAS ta yi barazanar kai wa Nijar. Kafin nan ma, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 alhali kowa na cikin ƙungiya, ETLS bai hana ba. Amma masu adawa da ficewar su ma ba ƙarya suke ba. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. Niyyar sauƙaƙa wa mai saye ce, amma manomin waken Maraɗi kasuwarsa Kano ce, ba Bamako ba. Hana shi hanya ba ya hana buhun tafiya, sai dai ya bi ta ɓarauniyar hanya a bayan babur da daddare, inda babu malamin gona balle mai duba magani.

Akwai sauran igiyoyi da ba su tsinke ba. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, mai hedkwata a Yamai, an kafa ta tun 1971, ta girmi ECOWAS, kuma ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun yi maganar farfaɗo da ita da suka gana a Yamai a Afrilun 2025. Dukkansu suna cikin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai ɗin a Yulin 2019, kuma tana da babi na musamman kan lafiyar abinci da dabbobi da tsirrai. A Mayun 2025 kuma shugaban hukumar ECOWAS, Omar Alieu Touray, ya zauna da ministocin AES a Bamako don buɗe tattaunawa. Abin da nake so in gani a takardar da za ta fito daga irin wannan zama ba dogon Turanci ko Faransanci ba ne. A rubuta cewa amfanin gona da dabbobi ba kuɗin fito. A rubuta cewa takardar lafiyar da aka bayar a gefe ɗaya ta karɓu a ɗayan. A fitar da jeri ɗaya na magungunan da aka haramta zuba wa hatsi, a karanta shi da Hausa a rediyon Katsina da na Maraɗi. A kuma sa wa'adin kwanakin da ƙasa za ta ba da sanarwa kafin ta hana wani kaya fita ko shiga, don mai albasa ya ji labari tun yana Galmi, kafin ya yi lodi.