Waiwaye: wa ke da alhakin gyara filin karnukan unguwa a Niyok?

Duk wanda ya zo Niyok daga gida, cikin abubuwan da ke fara ba shi mamaki akwai wannan ɗan filin da ake zagayewa da waya a cikin wurin shaƙatawa, ƙofa biyu a jere, a shiga da kare a kwance masa igiya ya yi ta gudu. Yawancinmu nan Bronx da Harlem ba mu ajiye kare a ɗaki, ni ma ba ni da shi, amma wallahi maganar gyaran filin nan ta shafe mu kai tsaye, don ranar da ya koma laka da wari masu karnuka ba za su shiga ba, kan ciyawar da yaranmu ke ƙwallo za su sake su, wurin da wani lokaci ma muke shimfiɗa tabarma. Shi ya sa na ga ya kamata mu san yadda aka faro.

Ba a Niyok aka ƙirƙiro abin ba. A garin Berkeley na jihar Kalifoniya ne, a 1979, mutanen unguwa suka ware wani yanki na filin Ohlone, filin da aka samu bayan an rushe gidaje don haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa. Sai a 1983 hukumar garin ta amince da shi a hukumance, daga baya masu karnukan suka kafa ƙungiya don kula da wurin. To tun daga nan aka aza tubalin da ake kai har yau, jama'a su fara, hukuma ta biyo baya da sa hannu, shara da gyara kuma su tsaya a tsakiya kowa na kallon kowa.

A Niyok kuwa labarin ya fara ne da kashi, ba da fili ba. Titunan birnin sun cika da kashin karnuka har aka yi dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1978, zamanin magajin gari Ed Koch, wadda ta ce dole mai kare ya kwashe abin da karensa ya yi, yanzu tararta dala 250 ce. Ga kuma dokar cewa kare ya kasance a ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. A daidai lokacin birnin bai gama farfaɗowa daga talaucin 1975 ba, lokacin da saura kaɗan asusunsa ya ƙone ƙurmus, an rage ma'aikatan wuraren shaƙatawa, ciyayi sun mutu, fitilu sun lalace, 'yan ƙwaya sun mamaye. Abin da ya biyo baya shi ne ɗabi'ar miƙa wa masu zaman kansu, misali ƙungiyar da ke kula da Central Park, babban wurin shaƙatawa na tsakiyar Manhattan, an kafa ta a 1980, da kuɗin masu hannu da shuni take aiki.

Cikin wannan yanayi aka buɗe filin karnuka na farko a birnin a 1990, a wurin shaƙatawa na Tompkins Square da ke Manhattan, shekara biyu bayan arangamar da aka yi da 'yan sanda a wurin a 1988. Birni ya ba da ƙasa, mazauna unguwa suka ɗauki nauyin sauran, su ne karo-karo, su ne aikin gayya, su sayo leda da shebur da tsintsiya. Faretin karnukan da suke yi duk watan Oktoba, wanda ake sa musu kaya iri-iri, hanyar tara kuɗin gyara ce tun asali. A 2008 aka sake wa filin fasali da kusan dala 450,000, aka zuba wani irin yashin dutse da magudanar ruwa a ƙarƙashi, aka raba ɓangaren ƙananan karnuka da na manya.

Wannan batun ƙasa shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, kuma shi mutane ba sa lura da shi. Ciyawa ba ta jure ƙafar karnuka da fitsarinsu, wata ɗaya biyu ta ƙone. Ɓurɓushin katako yana da araha amma yana shan fitsari ya riƙe wari, sai an riƙa kwashewa ana zuba sabo. Tsakuwa da yashi sun fi, amma in babu magudana ruwa ya kwanta, in babu famfo ba a iya wankewa, da rani kuma ƙura. Sannan ga kwandon shara da ke cika kafin yamma, ga ƙofar da sakatarta ta lalace kare ya fice ya bi yaro. Duk waɗannan ba aikin rana ɗaya ba ne da za a yanke kyalle a tafi, aikin kowane mako ne, kuma nan ne kuɗin gwamnati ke yin ƙaranci, don kansila ya fi samun sauƙin ware kuɗin gina sabo da za a ɗauke shi hoto a kai fiye da kuɗin biyan mai shara.

Akwai kuma rigimar sakin kare a wajen waya. Tun zamanin kwamishinan wuraren shaƙatawa Henry Stern ake kau da kai daga ƙarfe 9 na dare zuwa 9 na safe, ana cewa masu karnuka da daddare suna korar ɓata-gari. A 2006 wata ƙungiyar mazauna Juniper Park a Queens ta kai ƙara kotu, ba ta yi nasara ba, a 2007 aka mayar da al'adar doka a wuraren da aka keɓe, da sharaɗin lasisi da shaidar allurar haukan kare.

Abin da ke damuna shi ne wannan tsari na 'yan sa-kai bai yi wa unguwanni adalci ba. Inda lauyoyi da ma'aikatan banki suke, a dare ɗaya za su tara abin da zai sayi yashi na shekara. Inda mutane ke tuƙa tasi awa 12 ko aikin kula da tsofaffi, wa ke da lokacin zaman mitin ranar Asabar balle kuɗin? Haraji kuwa kowa na biya. Hatta Tompkins mai suna, a 2018 sai da aka sanar da soke faretinsu saboda inshorar da aka nema ta fi ƙarfin 'yan sa-kai, sai da mai ɗaukar nauyi ya shigo aka yi shi a wani wurin.

Sakaci kuma yana da farashi. A Janairun 2022 hankali ya tashi a Williamsburg da ke Brooklyn kan rahotannin karnukan da suka mutu ana zargin cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓeraye a ruwan da ya kwanta, cutar da mutum ma yana iya kamuwa da ita, aka rufe filin karnukan McCarren na ɗan lokaci don gyara magudana da maganin ɓeraye. Gyaran da ya kamata a ce an yi tun kafin a kai ga haka.

Wuraren shaƙatawa sun kai kusan kashi 14 cikin 100 na ƙasar birnin, amma abin da ake ware musu a kasafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a 2020 lokacin korona ma an ƙara zaftare shi. Eric Adams, wanda ya zama magajin gari a 2022, ya yi alƙawarin kai shi kashi 1 lokacin kamfe, ba a kai ba. Don haka idan kwamitin unguwarku ya kira zama kan filin karnuka, 'yan uwa kar ku ce ba ruwanmu, ku je ku tambayi wa zai riƙa kwashe shara, sau nawa a mako, kuma daga wane asusu za a biya shi.