Ba hoton nutirino ake ɗauka ba

Mutane da yawa sun ɗauka na'urar farautar nutirino hotonsa take ɗauka. Ba haka ba ne. Nutirino, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta, ba shi da cajin lantarki, ko sawu ba ya bari. A irin na'urar da ake cikawa da gas, in ya yi karo da ƙwayar zarra cikin gas ɗin, abin da ya fallatso daga karon ne ke tsere yana fizge elektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, daga zarrar gas a hanyarsa. Ƙarfin lantarki sai ya ja su zuwa bangon na'urar, lokacin isowarsu ya nuna nisan inda aka yi karon. Masanin kimiyya David Nygren ya ƙirƙiro dabarar a 1974. Abin da ya fi burge ni, sawun abin da ya fallatso kan yi tsawo a gas, har a lissafo ɓangaren da nutirinon ya fito.