Hannun jariri yana riga bakinsa magana

Wata ranar awo a ƙaramin asibitin da nake aiki a Gombe, wata uwa ta zauna a benci da ɗanta mai wata goma sha ɗaya, yana tsala kuka yana banƙarewa. Ta ba shi nono ya ƙi, ta goya shi ya ƙi. Ta ce mini, "Malama, tun safe haka yake, na rasa gane kansa." Na duba jikinsa, babu zazzaɓi. Can sai na lura idonsa na kan gorar ruwan da ke teburina. Aka tsiyaya masa a kofi, ya shanye tas, ya yi shiru. Yaron ya san abin da yake so sarai, hanyar faɗa ce ya rasa.

Yawancin yara sai sun kai shekara ɗaya ko kusa da haka suke furta kalmar farko, amma fahimta takan riga furuci da watanni, hannu kuma yakan riga harshe ƙwarewa. Mun sani a gidajenmu. Ɗan wata tara yana ɗaga hannu a ɗauke shi, yana tafi in an yi masa waƙa, yana buɗe hannuwa in an ce oyoyo Baba ya dawo. Abin da nake kira gare shi shi ne mu ƙara masa wasu 'yan alamu kan waɗannan, na abubuwan da yake buƙata kullum. A shekarun 1980 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya ta Amurka, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, suka fara nazarin wannan abu, bayan ɗayarsu ta ga 'yarta tana shinshina hanci duk lokacin da take nufin fure.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne wata shida, daidai sanda ake gama shayar da nono zalla a soma ba da kunu. Alamu uku ko huɗu sun isa da farko. Nono: ki buɗe hannu ki dunƙule kamar mai tatsa. Abinci: ki haɗa yatsu ki kai baki kamar loma. Ruwa: hannu kamar kin riƙe kofi. Barci: ki kwantar da kumatu a tafin hannu. Sharaɗin ɗaya ne, kuma kada ki manta da shi: duk sanda kika yi alamar, ki faɗi kalmar da bakinki, kina kallon idonsa, abin kuma yana gabansa. "Ruwa? Ga ruwa." Sai ki ba shi. Sau da yawa sai tsakanin wata takwas zuwa shekara yaro yake fara mayarwa, kuma tasa alamar ba za ta fita daidai ba. Ki karɓa haka nan, ki yi masa murna.

Alamar da ni na fi damuwa da ita ita ce ta "na ƙoshi". Har yau ana yi wa yara ɗura a gidaje da yawa: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tuttula masa kunu yana kuka yana shure-shure. Na san ƙauna ce ke sa haka, da tsoron kada ya rame. Amma kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, ya jawo ciwon huhu, wani lokacin ma ya shaƙe yaro nan take. Idan kin koya masa juya tafukan hannu biyu sama yana nufin ya ƙoshi, da haɗa kan yatsun hannu biyu yana nufin a ƙara, kin samu hanyar jin ta bakinsa. Ya ce ya ƙoshi, ki ajiye cokali, ki sake gwadawa an jima. Kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi ɗura amfani. In kuma ƙin cin ya daɗe ko yana ramewa, ki kawo shi mu auna shi.

Sai alamar "zafi", don mai rarrafe da murhu ba sa rabuwa. Ki kai hannu kusa da tukunya ki janye da sauri kina cewa "zafi!", kullum haka, har ya riƙe.

Wata kaka ta taɓa tare ni ta ce, "'Yar nan, so kike ki mayar mini da jika bebe?" Na ce, "Hajiya, ai da bakinmu muke haɗawa." Tsoron nata mutane da yawa suna da shi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya bi jarirai 40 daga wata takwas zuwa wata ashirin. Alamun ba su jinkirta maganarsu ba, kuma a dunƙule ba su sa sun riga sauran yara magana ba. Abin da ya canza shi ne iyayen, sun ƙara lura da motsin 'ya'yansu. Don haka kada wani ya sayar muku da wannan a matsayin maganin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Da zarar kalma ta zauna a bakin yaro, shi da kansa yake sakin alamar.

A sa kowa na gida a ciki: uba, kaka, da yayyen da ke wuni da goyo. Kowa ya yi alama iri ɗaya. A nan Gombe, inda uwa kan ce "ruwa" kaka ta ce "ndiyam" da Fulatanci, alamar kofi ɗaya ce ga duka biyun.

Akwai kuma abin da alama ba za ta rufe ba. Idan yaro ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata tara ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya cika shekara ba gwaranci ba nuni da yatsa, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, kada a zauna ana cewa nauyin baki ne na gado. Haka ma wanda ya fara magana ya daina, musamman bayan sanƙarau, ƙyanda, ko kunne mai zubar da ruwa. A kawo shi asibiti mafi kusa a rubuta takardar turawa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a gwada jinsa.